Likitan Sassauta Raɗaɗi: Aikinsa da Karatunsa

Idan cutar kansa ta yi nisa, ko ƙoda ta gaza, sau da yawa dangi kan ji an ce musu, "Ku koma gida, sai addu'a." Addu'a kam dole, amma akwai sauran aiki, kuma aikin likitan sassauta raɗaɗi ne. Ya ma fi kyau a nemo shi tun ana tsakiyar magani.

Da tambaya yake farawa. Daga sifili zuwa 10, ina ciwon ya kai? Suka yake yi, ko ƙuna? Amsar ce ke zaɓen magani, domin ciwon jijiya mai ƙuna ba kasafai yake jin mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, shi kaɗai ba.

Daga nan sai tsarin hawa uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986: farasitamol da danginsa, sai kodin ko taramadol, sannan mofin. Mofin na ruwa ana shan sa duk bayan awa 4, bisa agogo, ba a jira sai mara lafiya ya fara nishi. Wanda ke shan miligiram 5 sau shida, ya sha 30 a yini ke nan. In ciwo ya taso a tsakani, ƙarin da ake bayarwa kashi ɗaya ne cikin shida na abin da yake sha a yini, wato miligiram 5.

Inda ake yawan kuskure shi ne a ba da mofin babu maganin sassauta bayan gida. Kwana kaɗan ciki ya ɗaure, dangi su tsorata su jefar da kwalbar. Mai ciwon ƙoda kuma, mofin na taruwa a jikinsa, dole a rage.

Sauran aikin ya haɗa da tashin zuciya, sarƙewar numfashi, gyambon kwanciya, da zama da iyali a faɗa musu gaskiya cikin hikima.

Karatun fa? A Najeriya, shekara 6 a makarantar likitanci, shekara 1 ta sanin makamar aiki, da lasisin MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Yawanci sai likita ya ƙware a wani fanni, kamar lafiyar iyali ko sa barcin tiyata, kafin ya ƙaro difloma ko digiri na biyu a wurare irin su Makerere ta Yuganda ko Jami'ar Cape Town. A Birtaniya kuwa, fanni ne mai zaman kansa tun 1987.