San Marino a gasar Eurovision: tuta tasu, murya ta aro

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran baƙi, barkanmu da wannan lokaci.

Yau zan kai ku wata ƙasa da ke tsakiyar Italiya, kewaye da ita ta kowace kusurwa, sunanta San Marino. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 61 ne kacal, mutanenta kuwa ba su kai dubu 35 ba. Amma kowace shekara tana shiga Eurovision, gasar waƙa ta talabijin da aka fara a birnin Lugano na Suwizalan a 1956 da ƙasashe bakwai, wadda yanzu mutum sama da miliyan 150 ke kallo.

Me ke kai ƙaramar ƙasa irin wannan fage? Ku dubi dokar gasar. Ba gwamnatoci ne ke shiga ba, gidajen talabijin ne da ke cikin EBU, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai. Kowace ƙasa waƙa ɗaya, minti uku, mutum shida ne iyaka a kan dandamali. In an zo rabon maki, 12 ɗin da San Marino za ta bayar, wato maki mafi girma da ƙasa ke ba waƙa ɗaya, daidai yake da na Jamus mai mutum sama da miliyan 80. Ina kuma za su sami wannan daidaito? A ƙwallon ƙafa dai kun san yadda ake yi musu ruwan ƙwallaye.

Sun fara shiga a 2008 a Belgrade, suka zo na ƙarshe a zagayen share fage, suka koma gida suka zauna har 2011. Daga nan sai zamanin Valentina Monetta, 'yar ƙasar ce haifaffiya, wadda ta wakilce su sau huɗu. A 2012 ma sai da aka tilasta musu sauya baitocin waƙarta, don ta cika ambaton Facebook, gasar kuwa ta hana talla. Wanda ya tsara mata kiɗan Bajamushe ne, Ralph Siegel. A 2014 a Copenhagen ta kai su zagayen ƙarshe karo na farko.

To, nan ne nake son mu tsaya. Ƙasar da mutanenta ba za su cika babban filin wasa ɗaya ba, mawaƙa nawa za ta haifa? Sai ta koma aro. Serhat, Baturke ne ɗan Istanbul wanda ya karanci likitancin haƙori. Ƙasarsa ta daina shiga gasar bayan 2012, shi kuwa ya ɗauki tutar San Marino, ya samo musu matsayi na 19 a 2019 a Tel Aviv, wanda ba su taɓa wuce shi ba. Senhit haifaffiyar Bologna ce, iyayenta 'yan Eritiriya, a 2021 har ta ɗauko mawaƙi Flo Rida daga Amurka ya hau dandamali tare da ita. A 2024 'yan Sifaniya suka tura.

Wasu na cewa wannan haya ce kawai, mai kuɗi ya sayi tuta. Ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, domin gidan talabijin ɗin San Marino ƙarami ne, rabinsa ma mallakar RAI ce, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Italiya, kuma kuɗin shiga, masauki, tufafi da ƙawata dandamali ba wasa ba ne. Mawaƙin da ya zo da masu ɗaukar nauyinsa dole a saurare shi. Amma a ganina ba su ɓoye wa kowa ba. Tun 2022 suka buɗe gasar zaɓen wakili ga duk mai so daga ko'ina. Kuma ba su ne farau ba. Luxembourg ta lashe gasar sau biyar, babu ɗan ƙasarta ko ɗaya a cikin waɗanda suka ciyo mata. Celine Dion 'yar Kanada ce, Suwizalan ta ciyo wa a 1988.

Wani abin dariya kuma, ko ƙuri'ar masu kallo ta gagare su shekara da shekaru, saboda layukan wayarsu a haɗe suke da na Italiya, ba a iya tantance wa ya bugo. Sai dai alƙalai su yanke, ko a yi musu lissafi daga ƙuri'un wasu ƙasashe.

In kuma suka yi nasara fa? Al'ada ita ce wanda ya lashe shi ke karɓar baƙuncin baɗi. Monaco ta faɗa wannan tarko a 1971: wata Bafaranshiya, Séverine, ta ciyo mata, aka rasa zauren da zai ɗauki taron, sai Birtaniya ta karɓa aka yi a Edinburgh a 1972. San Marino ba ta kai ga wannan ciwon kai ba tukuna. A 2025 ta tura Gabry Ponte, ɗan Italiya, da waƙar da ke kirarin Italiya daga farko har ƙarshe. Ya kai zagayen ƙarshe a Basel, ya zo na 26 cikin 26.

Na ga hannu can baya. Bismillah, malam, a miƙa masa lasifika.