Gonakin inabi na Burgundi: lacca kan ƙasa da masu nomanta

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Na ga wasu sun ɗaga gira tun da aka ambaci kan magana. Ku kwantar da hankalinku. Abin da mutanen Burgundi ke matsa daga inabinsu giya ce, hukuncinta kuwa a wurinmu sananne ne. Ni ƙasar ce ta kawo ni, da yadda manomi ya santa.

A yankin Burgundi da ke gabashin Faransa, daga birnin Dijon zuwa garin Santenay, akwai wani gangaren tudu siriri mai tsawon kusan kilomita 60, mai fuskantar gabas, rana na fitowa ta same shi. Akwai hanyar mota da aka buɗe wa baƙi tun 1937, amma wanda ya bi ta da gudu, kore kawai zai gani. Sai a ƙafa, ko a keke ta hanyar da ta tashi daga garin Beaune zuwa Santenay, ake gane abin da ake ciki.

Ka tsaya a ƙasan gangaren ka duba takalminka: laka ce mai nauyi, mai riƙe ruwa. Ka hau sama can kusa da kurmi, ƙasar ba ta da kauri, ga sanyi, ga iska. Tsakiyar ita ce sarauniya, inda tsakuwar farin dutse ta gauraya da yumɓu, ruwa ya wuce bai kwanta ba. Manominmu da ya san jigawa daban, fadama daban, zai gane wannan nan take. Sai dai su sun bi abin taku-taku, suka yanka gangaren gida-gida, kowace gona da sunanta da iyakarta. Guda 1,247 ne irin waɗannan gonaki da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Wata gonar, siririyar turba ce kawai ta raba ta da maƙwabciyarta, amma kuɗinsu ko kusa.

Su wa suka fara wannan lura? Limaman Kirista masu zaman zuhudu, musamman na gidan ibadar Cîteaux da aka kafa a 1098. Su suka zagaye gonar Clos de Vougeot da katangar dutse, kusan hekta 50, kuma katangar na nan. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace gonakin coci aka sayar, daga baya ciniki da rabon gado suka yi ta tsinka su. Yau mutum wajen 80 ne ke da rabo a cikin katangar nan ɗaya, wani 'yan kunyoyi kawai gare shi.

Kada ku ɗauka komai lafiya lau aka yi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro daga Amurka, filoksera, ya cinye saiwoyin inabin Faransa. Maganin da aka samu shi ne aure: a ɗauki reshen inabin gida a ɗaura kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya kashewa. Har gobe haka ake dasawa. Yanzu kuma damuwarsu sanyin Afrilu ne, domin ɗumin yanayi na sa kurangar ta yi toho da wuri, sai sanyi ya ƙone shi. A 2021 manoma sun kwana suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi, duk da haka an tafka asara.

Shugaba na nuna min agogo. Malam na can baya, tun ɗazu hannunka ke sama, bismillah.