Ja da Turawa: Ina Makullin Wannan Bindiga Yake?

[Bidiyon da ke yawo: Bature a daji, aladen daji na gudu, harbi uku a jere]

Tun daga Mabera har Runjin Sambo, duk majalisar da na zauna a makon nan sai an miƙo mini waya an ce in kalli wannan. Wasu sun rantse bindiga ce mai sarrafa kanta, wasu kuma suka ce an ƙara wa bidiyon gudu ne. To, mu rage gudun mu gani. Ku dubi hannunsa na dama. Ya ja, ya tura, ya harba. Bayan kowane harbi sai hannun ya yi aiki, don haka ba mai sarrafa kanta ba ce.

[Sakatar ƙofa, kusa-kusa]

Kowa ya san sakatar da ake ƙerawa a Maƙerar Assada. Ka ɗaga hannunta, ka ja, ka tura, ka kwantar da shi cikin rami. Motsi huɗu ke nan, kuma haka sakatar bindigar farauta da aka saba take aiki tun zamanin bindigar Mauser ta 1898. Kwantar da hannun nan shi ne kullewa. Ita kuwa wannan ta bidiyon motsi biyu kawai take so: ja da turawa.

A nan ne wani baba maharbi ya tsayar da ni, ya ce, "Yaro, in ba a kwantar da ita ba, mi ka riƙe ta?" Tambayar ke nan, don idan harsashi ya tashi, ƙarfin da ke cikin bututun ya fi iskar tayar mota sau fiye da 1,000. In babu abin da ya riƙe sakatar, fuskar maharbi za ta nufa.

Tana kulluwa, Baba. Aikin da hannu ke yi a waje ne aka mayar ciki.

[Zane: cikin bindiga a yanke, a hankali]

Ku duba da kyau. Wannan Blaser R8 ce ta Jamus, ta fito a 2008, ƙanwar R93 ta 1993. A kan sakatarta akwai yatsun ƙarfe kewaye. Da ka tura ta kai ƙarshe, sai yatsun su buɗe kamar lema, su shige wani kwarmi da aka zagaye a cikin bututun. Ƙarfin harbi yana danno kan sakatar baya, amma yatsun sun riga sun tokare. Sai ka ja hannun sannan lemar ta rufe, kwanso ya fito.

A sake nuna mana wurin. Yawwa, nan.

Savage Impulse ta Amurka, ta 2021, ƙwallayen ƙarfe 6 take turowa waje, irin na boris ɗin keke, su zauna cikin kwarmi. Beretta BRX1 ta Italiya kuwa kan sakatarta yana juyawa ne da kansa a ciki, hannunka bai ma sani ba.

[Tsofaffin hotuna]

Kada a ɗauka sabuwar dabara ce. Sojan Ostiriya sun riƙe Mannlicher ta 1895, na Suwizalan suka riƙe K31. Kanada ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da Ross, taɓon ramukan yaƙi ya riƙa cije ta, aka janye ta a 1916. Wani lokaci ma in an harhaɗa sakatarta ba daidai ba, takan tashi ba ta kullu ba. Ashe tsoron Baba yana da asali.

[Farauta cikin ƙanƙara, 'yan wasa na harbi kwance]

Me ya sa Turawa suke son ta? A Jamus karnuka da masu kora ke taso aladen daji, dabba ta gilma cikin 'yan daƙiƙu. Ido bai barin madubin hange, ƙota ba ta barin kafaɗa. 'Yan wasan gudu kan ƙanƙara da harbi, masu auna abu daga mita 50, yawanci irinta ƙirar Anschütz suke riƙewa, da ɗan yatsa suke ja, babban yatsa ya tura. A Ingila kuma dokar 1988 ta hana manyan bindigogi masu ɗura kansu, sai wannan ta samu kasuwa. Bahago ma bai rasa ba, wasu ana juya musu hannun zuwa hagu.

Ni dai a ganina, maharbin da ke laɓe wa gada ya yi harbi ɗaya ba abin da saurin nan zai ƙara masa. Ga ƙurar hunturun Sakkwato da ke shiga ko'ina, ga kuɗin R8 da ya kai dubban yuro, wanda in ka juya shi zuwa naira sai ka nemi wurin zama.

Masu tambaya ta a ƙasa ina ake sayarwa, ku huta. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana nan, kuma riƙe bindiga babu lasisi ɗauri ne. Ni ma sakatar ƙofar gidanmu na kwance na ɗauki hoto.