Kafin a zagi masu binciken nukiliya, a leƙa kurar ɗan gwangwan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Daren jiya a majalisarmu, bayan an idar da sallar isha'i, hira ta gangaro kan Iran da masu binciken nukiliya. Sai wani ɗan'uwa, mai ilimi kuwa, ya buga cinya ya ce hukumar nan ta duniya mai sa ido kan makamashin nukiliya, wato IAEA, karen farautar Turawa ce, ba abin da ta iya sai daƙile ƙasashen talakawa. Ya ce da shi ne da mulki, da tuni Najeriya ta raba gari da ita. Aka yi ta gyaɗa masa kai. Na kwana maganar tana ci mini rai.

Son kai kam akwai shi. Yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya da ta fara aiki a 1970 ta bar ƙasashe biyar da bama-bamansu: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin. Isra'ila ko hannu ba ta sa ba. Ba mu kuma manta Faransa ta gwada bom a Saharar Aljeriya a 1960 ba, har Najeriya ta kori jakadanta a 1961. To amma karen farauta? A 2003, lokacin da Amurka ke neman hujjar afka wa Iraƙi, shugaban hukumar na wancan lokaci, Muhammad ElBaradei ɗan Masar, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu cewa ba su ga shaidar Iraƙi ta farfaɗo da shirin nukiliya ba. Wane karen farauta ne yake kunyata maigidansa a bainar jama'a? A bar wannan zance.

Abin da ya dame ni yana nan kusa, a bakin ƙofarmu. A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibitin masu ciwon daji da aka tashi aka bari. Suka ɓalle kan na'urar gasa ciwon daji, suka ɗora a baro, suka kai gida suka fasa, suka sayar wa dillalin ƙarafa. Da dare ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi shar. Ya ɗauka abin arziki ne, ya shigar da shi gida, ya gutsura wa 'yan'uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta shafa garin a jikinta, ta ci abinci da hannun. Siziyom ne, sinadarin da aka tanada don ƙone ciwon daji. Mutum 4 suka rasu, har da yarinyar da matar dillalin. An gwada kimanin mutum 112,000, an samu 249 da burbushin a jikinsu, an rushe gidaje. Babu bom, babu yaƙi. Na'ura ɗaya ce kawai da ba wanda ya bi sawunta.

Yanzu ku dubi Kano. Kowace safiya yaro zai turo kura cikin lungu yana kiran a kawo gwangwan, a ba shi tsohon ƙarfe ya ba da kuɗi ko roba. A wurin awo za ka ga matashi zaune a ƙasa, ba safar hannu, ya danne tsohon inji da ƙafa yana dukansa da guduma don ya ciro jan ƙarfe. Yara ne masu neman halak, Allah ya yi musu albarka. Waye a cikinsu aka taɓa nuna wa alamar nan ta haɗarin tururin nukiliya, mai kama da fanka mai fikafikai uku a kan rawaya, aka ce masa in ya gan ta ya ja da baya? Wannan tururi ba ya wari, ba ya ɗaci, ido ba ya ganinsa. Sai amai ya fara, fata ta saɓule, a ce sammu ne.

Irin waɗannan sinadarai kuwa suna nan cikin ƙasarmu, kuma muna buƙatarsu. Da su ake gasa ciwon daji, da su masu haƙar mai ke auna rijiyoyi, da su ake duba waldar bututu. Duk wanda ya taɓa rako mara lafiya daga Kano zuwa Shika ko Abuja neman layin gashi ya san ƙarin na'urori muke roƙo. Amma duk na'urar da ta shigo, dole a san wanda ya karɓe ta, a rubuta, a riƙa zuwa ana ƙirgawa, ranar da ta tsufa a san inda aka kai ta. Irin wannan ƙirgar ita ce sa idon da ake zagi a majalisa.

Ga misali nan a Zariya. Tun 2004 Jami'ar Ahmadu Bello take da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar Sin. Da farko da yuraniyom mai ƙarfi take aiki, irin wanda masu haɗa bom ke kwaɗayi. A 2018, tare da hannun IAEA, aka kwashe shi aka mayar Sin, aka sa mata mara ƙarfi, ta ci gaba da aikinta. Me aka ƙwace mana? A shekarun da muke fama da 'yan ta'adda, wa zai so a bar wancan kaya kimanin kilomita 150 daga Kano?

Haushina ma na gida ne. Muna da hukumarmu ta sa ido, NNRA, da ta fara aiki a 2001. Ina so in ga jami'anta a Ƙofar Ruwa da duk inda ake awon ƙarafa a garin nan, ɗauke da na'urar auna tururi. Su zauna da shugabannin 'yan gwangwan, su yi musu bayani da Hausa, su liƙa hoton fankar nan a jikin kowane sikeli, tare da lambar da za a kira.

Kai kuma ɗana mai tura kura, in ka tsinci ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya fi girmansa, da wannan alama a jikinsa, kada ka fasa, kada ka kai gida. Bar shi a wurin, ka kori yara, ka sanar da hukuma.