Mugabe, Yaron Fada: Abin da Makarantar Mishan Ta Dasa Masa

Ku kawo wannan hoton a ranku. Watan Nuwamba ne na 2017, tankokin soja sun cika titunan Harare, babban birnin Zimbabuwe, ga shugaban ƙasa Robert Mugabe zaune da Janar Constantino Chiwenga, wanda ya zo raba shi da kujera. A gefe kuma ga wani limamin Katolika, Fada Fidelis Mukonori. Me ya kawo fada cikin juyin mulki? Sai mun koma wani ƙauye, Kutama.

A can aka haifi Mugabe ranar 21 ga Fabrairu, 1924, a mishan ɗin limaman ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika, lokacin ƙasar tana Rodeshiya ta Kudu. Ubansa Gabriel kafinta ne. Uwarsa Bona kuwa mace ce mai riƙon addini, ita ke koya wa yara karatun coci. Yana ɗan shekara 10 yayansa Michael ya rasu, uban ya kama hanyar Bulawayo ya bar su. Yaron ya zama shiru-shiru, ba ya shiga wasa. Ko kiwon shanu aka tura shi, littafi na hannunsa, yara na yi masa dariya suna ce masa ɗan mama.

Wanda ya cike gurbin uba shi ne shugaban mishan, Fada Jerome O'Hea, mutumin Ayalan. Ya ga kaifin ƙwaƙwalwar yaron, ya jawo shi jiki. Ba lissafi da Turanci kawai ya koya masa ba, har da labarin yadda mutanen Ayalan suka yaƙi Ingila suka ƙwaci 'yancinsu. Ku tuna fa, Bature ne ke faɗa wa yaro baƙar fata cewa ana iya kayar da Ingila. Da gwamnan mulkin mallaka ya hana shi kuɗin gina asibiti, O'Hea ya gina da dukiyar gidansu.

Tarbiyyar Jesuit ba ta da wasa: tashi da asuba, addu'a, karatu, kamun kai. Mugabe bai rabu da wannan ba har tsufansa. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, kafin gari ya waye ya tashi motsa jiki, carbinsa na aljihu. Ya yi koyarwa har Takoradi a Ghana, inda ya haɗu da matarsa ta farko, Sally. Da aka ɗaure shi daga 1964 zuwa 1974, sai ya mai da kurkuku aji, yana koyar da fursunoni, yana tara digiri ta wasiƙa daga Jami'ar Landan. Da ya hau mulki a 1980, makarantu ya fara bazawa, har Zimbabuwe ta shiga sahun gaba a Afirka wajen iya karatu da rubutu.

Amma icen da ya ba da inuwa shi ya fito da ƙaya. A ganina, yaron da ya taso ana nuna masa ya fi kowa a aji ya girma yana kallon ƙasa kamar ɗalibansa: shi ke da alli, shi ke da bulala, wanda ya musa masa ya yi laifi. Daga 1983 rundunarsa ta biyar, wadda Koriya ta Arewa ta horar, ta auka wa yankin Matabeleland. Ana ƙiyasta an kashe mutum kusan 20,000. Su wa suka bi ƙauye-ƙauye suna rubuta shaidar waɗanda suka tsira? Hukumar adalci da zaman lafiya ta cocin Katolika, ta fitar da rahotonta a 1997. Babban limamin Bulawayo, Pius Ncube, ya zama cikin masu sukarsa mafi zafi. Mugabe ya caccaki limaman, amma bai daina zuwa coci ba.

Shi ya sa ranar da sojoji suka tsare shi, ɗan Jesuit aka nemo ya shiga tsakani. Mukonori ya yi kwanaki yana kai gwauro yana kai mari, har Mugabe ya sauka ranar 21 ga Nuwamba. Ya rasu a Singafo a watan Satumban 2019, yana da shekara 95. Gwamnati ta so binne shi a maƙabartar jarumai ta Harare, iyalinsa suka ƙi, suka kai shi Kutama.