Ciwon Sukari: Daga Ɗigon Jinin Yatsa Zuwa Tafin Ƙafa

Malam: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Tawa. Yau ni da Auta mun yi baƙuwa, majo ce da ta daɗe tana jinyar masu ciwon sukari. Hajiya, sannu da zuwa, ya zafi?

Majo: Zafi lokacinsa ne, Malam. Sannunku da aiki.

Auta: Inna, bari in riga Malam tambaya, don abin a gidanmu yake. Tun da aka gano ciwon a jikin Baba, kowa ya zo gaisuwa sai ya ce ai shayin nan ne ya ja masa. Gaskiya ne?

Majo: Da gaskiya a ciki, ɗiyata, amma ba ita ke nan ba. Duk abin da muka ci na hatsi, tuwo ne, fura ce, shinkafa ce, burodi ne, in ya shiga ciki sukari yake komawa ya bi jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya shigar da sukarin nan cikin tsoka da sauran sassan jiki su yi aiki da shi. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Ciwon ke nan.

Malam: To me ke sa jiki ya daina jin maganarsa?

Majo: Gado na gaba. In uwa ko uba na da shi, ɗa ya sa ido a kan kansa. Sai shekaru, sai ƙiba, musamman teɓa, sai zama wuri ɗaya. Kakanninmu a Adar da ƙafa suke zuwa gona, mata su yi daka su ɗebo ruwa a rijiya. Yanzu ko masallacin bayan gida sai an hau babur. A zauna a fada a sha shayi zagaye uku, kowanne da sukari har yana danƙo, a kora da lemon kwalba. Ciwon sukari nau'i-nau'i ne, wannan shi ne nau'i na 2, kuma cikin masu ciwon 10, sama da 9 shi ke gare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 mutum miliyan 200 ke da ciwon sukari a duniya, zuwa 2022 sun kai miliyan 830.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: maganin ƙiba da ƴan mata ke saye hannun masu talla, don a ga amarya ta cika. Da yawansu dangin dekisametazon ne. Yana kumbura fuska, yana kuma ɗaga sukarin jini. Likita na ba da shi don wata larura, na ɗan lokaci, da awo. Mai shansa don kwalliya ciwo take saya da kuɗinta.

Auta: Amma Inna, na ga yaro ɗan firamare, siriri, ana yi masa allura kullum. Shi ina ya ga teɓa?

Majo: Wannan nau'i na 1 ne, kuma babu laifin yaron, babu na uwarsa. Garkuwar jikinsa ce ta juya ta lalata wurin da ke yin insulin. Shi ba ya da wani magani sai allurar insulin, kullum, har iyakar rayuwa. Kafin 1921, lokacin da wasu masu bincike, Banting da Best, suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. A 1922 aka fara yi wa wani yaro allurar, ya tashi. Shi ya sa ake ranar ciwon sukari ta duniya 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting. Abin da ke sa ni kwana ban yi barci ba shi ne, bayan shekara 100 da wannan, har yau ana kawo mana yaro a sume, an yi kwanaki ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. Iyaye, yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana ramewa alhali yana cin abinci, a kai shi a auna a ranar. In ya fara amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, ko tsakar dare ne a ɗauke shi.

Malam: Allah ya kiyaye. A manya fa, alamun iri ɗaya ne?

Majo: Kusan haka: ƙishirwa, tashi fitsari sau da yawa cikin dare, kasala, gani dishi-dishi, maruru, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba ga mata. Wani sai ya ga tururuwa sun taru inda ya yi fitsari. Amma nau'i na 2 kan yi shekaru a jiki babu alama ko ɗaya. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa sama da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Ga shi mu nan in ƙishirwa ta dami mutum a watan Afrilu, zafi zai ɗora wa laifi.

Auta: To a yi mana bayanin lambobin nan na takardar awon sukari. Baba ya riƙe tasa kamar laya, amma babu mai karanta masa.

Majo: Ana zuwa da safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba, ruwa kawai. A huda yatsa ko a ɗebi jini a hannu. In an ga giram 1,26 na sukari a litar jini ko sama, a sake wata rana. In ya maimaita, ciwon ya tabbata. Tsakanin 1,10 da 1,25 mutum na bakin ƙofa, kuma a nan ne rage ƙiba da tafiyar ƙafa suka fi amfani. Wanda ke da alamun, aka auna shi kowane lokaci aka ga giram 2 ko sama, shi ma ya tabbata. Akwai wani awon da ke nuna yadda sukari ya zauna wata 2 zuwa 3 da suka wuce, iyakarsa kashi 6,5 cikin 100.

Malam: Wani ɗan'uwana ya bi ta Ƙonni ya je Sakkwato, ya dawo hankali tashe, wai an ce masa sukarinsa 9 ne, alhali a nan 1 da ɗoriya ake ce masa.

Majo: Ma'auni ne ya bambanta, Malam. Abin da muke kira 1,26, a can 7 ne, wata na'urar kuma 126 za ta nuna. 9 ɗin nan kusan 1,6 ke nan a namu. Kowa ya tambayi da wane ma'auni aka auna shi. Mata masu ciki kuma a auna su tsakanin mako 24 da 28, musamman wadda ta taɓa haifar ɗa mai nauyin sama da kilo 4.

Malam: In an bar shi, me yake ɓatawa?

Majo: Hanyoyin jini. Ku dubi garkar albasa a Galmi: in ƙananan magudanan ruwa suka fara toshewa, fangalin da ke can ƙarshe shi ke fara bushewa. Ido, ƙoda, ƙafa, su ne na ƙarshen nan. Ido ya makance, ƙoda ta gaza har a kai ga wankin ƙoda. In hawan jini ya haɗu da shi, ga bugun zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki. Tarin fuka ya fi saurin kama mai sukari. Maza kuma akwai raunin mazakuta, wanda kunya ke hana su faɗa, su tafi wajen mai maganin tasha. A faɗa wa likita, ba a kansu farau ba. A duba ido da ƙoda ko da sau ɗaya a shekara. Amma ni ƙafa ce ta fi tsaya mini a rai.

Auta: Me ya sa ƙafa, Inna?

Majo: Don ita ce ake rasawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sukari na kashe jijiyoyin ji. Da farko mutum ya ce tafin ƙafarsa na zafi da dare, ko yana jin kamar ana tsira masa allura. Daga baya jin ya ɗauke gaba ɗaya. Dattijo ya taka ƙaya a hanyar gona, ko ya tsallaka rairayin tsakar gida da azahar babu takalmi, tafin ya ƙone, bai sani ba. Da sanyin hunturu kuma ya miƙa ƙafa kusa da garwashi. Ciwon ya yi kwanaki yana ci, sai wari ya sanar da mutanen gida. Daga nan a shafa man mota, ko a kai wa wanzami ya tsaga. Lokacin da za a iso asibiti ƙashi ya taɓu, sai maganar yanka. Na riƙe hannun magidanta suna kuka a bakin ɗakin tiyata, kuma na san da an duba ƙafar nan da wuri, da da ita za su koma gida.

Auta: Innalillahi. To ni da ke kula da Baba, me zan riƙa yi?

Majo: Kullum da yamma, da sauran haske, ki zaunar da shi ki ɗaga ƙafar ki duba: tafi, dunduniya, tsakanin yatsu. Shi idonsa ba ya kai wa can. Ki nemi tsagewa, bororo, ja, kumburi ko wurin da ya yi baƙi. Ruwan wanka ki taɓa da gwiwar hannunki kafin ya sa ƙafa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai tsabta, don damshin nan ke jawo ruɓewa. Faso a shafa masa man kaɗe, amma ban da tsakanin yatsu. Farce a yanke a miƙe, ba da reza ba, kuma ba wajen masu yankan farce na bakin hanya ba. Takalmi ya zama mai rufi, mai laushi, a zazzage shi kafin a saka. Ko ƙwarzane kika gani, ki wanke da ruwa da sabulu, ki rufe, washegari ku zo.

Malam: Hajiya, dattijon Bahaushe zai yarda ɗiyarsa ta riƙa ɗaga masa ƙafa kuwa?

Auta: Da farko ya ƙi, Malam. Da jikansa ya fara yi masa ne ya sake, yanzu shi ke kira.

Majo: Madalla. Kowane gida ya nemo wanda majinyaci ba ya jin nauyinsa. Abu na biyu, sukari na faɗuwa kamar yadda yake hawa, musamman ga mai allura ko mai shan ƙwayar maganin sukari ta gilibenkilamid da bai ci abinci ba. In ya sauka ƙasa da 0,70, za a ga zufa, makyarkyata, yunwa, magana ba kan gado. Kada a ce iska ce. A ba shi ƙwaya 3 ta sukari a ruwa, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a kai asibiti.

Auta: Insulin fa, da wutar nan da ke ɗaukewa?

Majo: Wanda ba a buɗe ba firji yake so, amma kada ya daskare. Wanda aka buɗe ana amfani da shi kamar mako 4. Inda babu firji, a sa shi a roba mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa. Ba aljihun riga ba, ba cikin mota ba. Wurin allura a riƙa canzawa, ciki, cinya, damtse.

Malam: Abinci shi ne rigimar kowane gida. An hana mutum komai har ya rame.

Majo: Ban yarda da wannan horon ba. Ya ci tuwonsa tare da iyali, a rage malmala a ƙara miya: kuka, kuɓewa, zogale, kabeji, wake, kifi. Fura a dama da nono babu sukari, ludayi kaɗan, ba ƙwarya guda ba. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi a bar su. Zuma ma sukari ce. Sai tafiyar minti 30 bayan la'asar, ko da kwana 5 a mako.

Auta: Ana ta kawo wa Baba jiƙo, kowa da rantsuwar nasa ya warkar da wane.

Majo: Zogale ganye ne mai kyau, a ci shi a dambu. Amma babu jiƙon da aka tabbatar yana raba mutum da ciwon nan, wasu ma ƙoda suke bugawa. Abin da nake gani shi ne mutum ya ji sauƙi ya ajiye metformin ɗinsa, wato ƙwayar maganin sukari, bayan wata biyu a kawo shi ranga-ranga. In kuɗin magani ne ya gagara, a faɗa mana kafin a daina. Sau da yawa akwai mai araha irinsa.

Malam: Saura azumi.

Majo: A ga likita tun watan Sha'aban, don a gyara lokacin shan magani. Wasu za su iya, wasu a ce su sha: mai nau'i na 1 da sukarinsa bai zauna ba, mai ciki, mai ciwon ƙoda. Wanda ke azumi ya auna ya ga ƙasa da 0,70 ko sama da giram 3, ya karya nan take, ko saura kaɗan a sha ruwa. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa kuma, wannan naku ne malamai.

Malam: Za mu gayyato malamin fiƙihu mako mai zuwa mu zauna a kai. Hajiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Auta, a gaida Baba da jiki.

Auta: Zai ji, Malam. Sai wani makon.