Minti Ɗaya Gaban Dodon Fim: Yadda Ake Ganawa da Jaruman Finafinan Ban Tsoro

Mutumin da ya hana ka barci kana yaro, yau ga shi zaune bayan tebur a zauren otal, tabarau a kan hanci, gorar ruwa a gefe, yana tambayarka yadda ake rubuta sunanka. Haka abin yake a tarukan masoya finafinan ban tsoro da ake yi a Amurka da Ingila, irin su Monster-Mania da ake yi a Cherry Hill ta jihar New Jersey tun 2003, da Texas Frightmare Weekend a yankin Dallas tun 2006, da For the Love of Horror a birnin Mancesta. Tsayuwarka gaban jarumin da wuya ta wuce minti ɗaya, layin kuwa yakan ci awa biyu ko uku. Shi ya sa shirin wannan mintin tun daga gida yake farawa.

Mu fara da kuɗi, don nan sabon zuwa yake fara shan mamaki. Tikitin shiga, ƙofa kawai yake buɗe maka. Sa hannu kuɗinsa daban, hoto da wayarka a bakin tebur daban, hoton da ƙwararren mai ɗauka zai yi muku shi ma daban. Jarumin da bai yi fice sosai ba yakan karɓi dala 30 zuwa 60 a kan sa hannu ɗaya, manyan kuwa sukan haura dala 100. Kuma lissafin a kan kowane kaya ne: fosta biyu, kuɗi biyu. Ka taho da tsabar kuɗi, domin teburori da yawa ba sa karɓar kati, na'urar cire kuɗi ta otal kuma takan ƙare tun ranar Asabar ba ta raba ba. Sannan ka karanta sharaɗin tikiti. Idan jarumi ya fasa zuwa, galibi ana mayar da kuɗin hotonsa, amma na shiga, da na jirgi, da na ɗakin kwana, sun tafi ke nan.

Sai jadawali. Jarumi ba ya wuni a tebur. Yana tashi cin abinci, yana tashi zaman tambaya da amsa, yana tashi ɗaukar hoto. Wanda ya shiga layi saura minti ashirin a fara zaman tattaunawa, sai ya wayi gari yana gadin kujerar da babu kowa. Manyan baƙi irin su Robert Englund, wanda ya fara fitowa a matsayin Freddy Krueger, dodon fim ɗin A Nightmare on Elm Street, a 1984, a wasu tarukan da lamba ake shiga layinsu, lambar kuma da sassafe take ƙarewa.

In kana son hoto da sa hannu duka, fara da hoton. Ana wanke shi nan take, mai faɗin inci 8 da tsayin inci 10, sai ka ɗauke shi ka kai tebur a sa maka hannu a kai. Wanda ya juya tsarin, layin tebur sau biyu zai bi.

Ɗakin hoton ba wurin hira ba ne. Jaka a ajiye a bakin ƙofa, ka shiga, ka tsaya a kan alamar da aka manna a ƙasa, haske ya walƙa, a ce na gaba. Daƙiƙa goma ne, in ta yi yawa sha biyar. Tun kana layi ka yanke shawarar tsayuwar da kake so, ka faɗe ta da kalma uku. Mai tabarau ya ɗan sunkuyar da su don kada haske ya rufe masa ido. Hoto na fitowa ka duba shi a wurin. In ka ƙifta, a lokacin ake sake ɗauka, ba bayan jarumin ya tashi ba. Wani gargaɗi kuma: Kane Hodder, wanda ya yi Jason, dodon finafinan Friday the 13th, sau huɗu tsakanin 1988 da 2001, an san shi da shaƙe wuyan masoya a hoto, kuma riƙon nasa ba na wasa ba ne. In wuyanka ba lafiya, faɗa masa tun kafin ya miƙo hannu.

Yanzu ga inda kuɗin mutane yake yawan lalacewa: alƙalami. Baƙar maka, wato alƙalami mai kaurin baki, a kan fosta mai duhu ɓata take, fostocin waɗannan finafinai kuwa kusan duk baƙi ne da ja. A nan ruwan azurfa ko fari ake so. Makar fenti ta fi fitowa raɗau a kan roba da ƙarfe, amma tana da hali. Sabuwa ba ta rubutu sai an girgiza ta, an danna bakinta a kan kwali har fentin ya sauko. Ka yi wannan a layi, kada ka bar wa jarumi, don in ya danna ta a kan fostarka, ɗigo ɗaya zai malale ya ci rabin fuskar dodon. Ka rubuta sunanka da manyan haruffa a 'yar takarda mai manne, ka liƙa daidai inda kake son a sa hannun. Zauren akwai hayaniya, kuma mutumin ya rubuta sunaye ɗaruruwa tun safe.

Ka kuma yi tunani ko kana son sunan naka ma. Sa hannun da aka haɗa da sunan mutum darajarsa takan faɗi in an zo sayarwa. Mai niyyar sayarwa wata rana ya nemi teburin kamfanonin da ke tantance sahihancin sa hannu, irin su JSA ko Beckett, su manna masa sitika mai lamba a ranar, da ɗan ƙarin kuɗi.

Masu kawo adda ko wuƙa irin ta dodannin fim a sa musu hannu, ku duba dokar taron tukuna. Wasu suna hana ƙarfe gaba ɗaya, wasu sukan bincika su ɗaure shi a kube a bakin ƙofa. A jirgi kuma sai dai cikin akwatin da ake aunawa, ba jakar hannu ba.

To me za ka ce masa? Tambaya ɗaya tak, ƙarama, wadda ta shafi aikin. Yabo ya ji shi sau dubu. Amma ka tambaye shi yadda yake gani ta cikin fuskar roba, ko awa nawa ake yi ana manna masa kwalliyar, sai ka ga ya ajiye alƙalami ya ɗago kai. Kada ka ɗauke shi bidiyo sai da izini, kada ka rungume shi sai ya fara, in mai kula da teburin ya yi maka alama kuma, ka matsa.

Kana karɓar kayanka, kada ka naɗe, kada ka sa a leda. Fentin yana bukatar minti biyar zuwa goma ya bushe, a kan roba ma ya fi haka. Riƙe shi ta gefe, fuska sama, ka fita daga cunkoso ka sami bango ka jingina. In ya bushe, hoto ya shiga faifan roba mai tauri, fosta kuma a naɗe ta sako-sako a zura a bututun kwali.